Na Bar Jaki Ina Dukan Taiki

Saura awa huɗu a rufe karɓar takardun neman tallafin karatu, ƙanwata ta shigo ɗakina da waya a hannu. "Yaya, shafin ya ƙi buɗewa." Tun kafin in karɓi wayar na yanke hukunci: ko ta cika ta da hotuna, ko ta ƙarar da datar a kallon TikTok. Haka na faɗa mata, da ƙarfi, har Mama ta jiyo daga madafi. Ba ta ce uffan ba, ta dai sunkuyar da kai.

Na gwada a tawa wayar. WhatsApp na aiki, YouTube na tafiya sumul, amma wannan shafin sai ya yi ta juyawa, daga bisani ya ce ba a samu adireshin ba. Na kashe waya na kunna, na goge tarihin Chrome, na cire layi na mayar, har data na ƙara saye. Shiru, kamar an shuka dusa.

Bayan Isha'i muka ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu mai gyaran waya. Tambaya ɗaya ya yi: "Layinku iri ɗaya ne?" Na ce e. Ya jona mu da datar wayarsa, wadda layinta na wani kamfani ne daban. Nan take shafin ya buɗe.

"Ka gani ko? Wayarku lafiya lau, shafin ma lafiya lau. Matsalar a hanya take."

Ya yi mana bayani. Kowane shafi yana da suna, wanda mu muke rubutawa, yana kuma da lamba, wadda na'urori ke ganewa. Akwai wani abu da ake kira DNS, kamar littafin lambobin waya, shi ke mayar da suna lamba. Yawanci na kamfanin layinka kake amfani da shi ba tare da ka sani ba. In ya tsufa da tsohuwar lamba ko ya sami tangarɗa, sai wani shafi ya ɓace maka alhali yana nan daram.

Ya shiga saitin wayata, wurin da Android ta sa wa suna Private DNS tun daga siga ta 9, ya rubuta dns.google. Ya ce a kwamfuta ana iya sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Muka koma kan layinmu, shafin ya buɗe. Ya ƙara da cewa in kamfanin ne ya toshe hanyar gaba ɗaya, wannan ba lalle ya yi magani ba, sai dai a canza layi.

Ƙarfe 11 saura ta tura takardunta.

A hanyar gida na kasa haɗa ido da ita. Kamfanin da nake biya kuɗi duk wata bai taɓa faɗo mini a rai ba, domin ba shi da fuskar da zan ɗaure wa. Ita ce a kusa, ita ce ba za ta mayar mini da magana ba.

A bakin ƙofa na ce, "Ki yi haƙuri."

Ta yi murmushi. "Ba komai, Yaya. Amma datar da ka ƙaro, tawa ce ko?"