Mako guda a garejin Kafanchan

Litinin

Tun daga Kwoi allurar zafi take ɗagawa. Da na shigo Kafanchan sai na wuce gareji kai tsaye. Oga, mai garejin, ya leƙa ƙarƙashin Peugeot 406 ɗina, ya taɓa ɗigon da ke sauka ta ɓangaren dama, ya sansana yatsa. "Malam, ba lagireto ba ne, wata-famfo ne. A wannan injin kuma belin taimin ne ke juya shi. Yaushe rabon da a canja bel?" Da shi na sayi motar, hannu na biyu. Ya ce to yau za ta kwana nan.

Talata

Aikin ya fi yadda nake zato. Sai da suka cire tayar gaba ta dama, suka tokare injin da jak da guntun katako, suka kwance maƙalin da ke riƙe shi, sannan murfin ya fito. Oga ya lanƙwasa bel ɗin a gabana. Bayansa ya tsattsage kamar kaushin diddige a tsakiyar hunturu, gindin haƙoransa kuma ya jiƙe da baƙin mai daga wani sil da ya gaji. Mai yana cin roba.

Wannan bel shi ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama, na ƙasa ya juya sau 2, na sama sau 1, don bawul ya kauce kafin fistin ya iso. In ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ba ya jira. Oga ya nuna min wata motar haya da aka jawo daga hanyar Manchok, kan injinta a ajiye bisa kwali, bawuloli a lanƙwashe. Direban na zaune gefe, ya yi tagumi. Lokacin kwasar citta ne, kowace rana a gareji asara ce gare shi da iyalinsa. Ya ce ko ƙara bai ji ba, motar ta mutu kawai.

Abin da ke damuna ke nan. Masu ƙera motoci galibi suna cewa a canja tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000, amma wa ke da tabbas kan lambar da ke jikin agogon tsohuwar mota?

Laraba

Akwai bel a shagunan cikin gari, har kala biyu, ɗaya da araha sosai. Oga ya ƙirga haƙora, ya duba rubutun jiki, ya mayar. Ya kira wani da ya amince da shi a Panteka, Kaduna: bel, tenshina, ƙaramin fuli, wata-famfo da sil. Na tambaya ko tenshinar ba za ta ƙara kai mu ba. "Malam, in ta ƙage gobe, sabon bel za ta yanka, mu sake kwance duk wannan." Gaskiya ya faɗa.

Alhamis

Kaya sun taso ta Kachia da Zonkwa a hannun wani direba, sai bayan la'asar suka iso tasha.

Juma'a

Da na dawo daga masallaci na tarar da gareji tsit, Oga ya hana yaransa surutu. Ya soke kamshaf biyun da ƙusoshi a ramukansu, ya kulle na ƙasa, sannan ya ɗora bel yana bin kibiyar da ke jikinsa. In haƙori ɗaya ya goce, mota za ta rasa ƙarfi ta dinga shan mai. Da ya ɗaure tenshina bai taɓa makulli ba. Da sifana ya juya injin zagaye 2 a hankali, yana sauraron ko wani abu zai tokare, ya sake soka ƙusoshin, suka shige ba gardama. Ya sa babban yaronsa ya maimaita da hannunsa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ta haka sana'a ke wucewa hannu mai kyau.

Asabar

Suka zuba ruwa, suka fitar da iska ta ƙananan notina har kumfa ya daina, fanka ta tashi ta tsaya. Muka gwada ta zuwa Kagoro, muka juyo a gindin dutse, allura tana tsakiya. Oga ya rubuta kwanan wata da lambar kilomita da farin fenti a kan murfin. A hanyar dawowa ya ji ƙwanƙwasa a ƙafar gaba ta hagu, ya ce bushin ne, in kawo ta ranar Talata.