Mai Tsaron Ƙofa Da Ba Ya Duban Fuska

Bara na sayi 'yar na'urar nan mai raba intanet ta iska, wadda a ke kira rauta, na ajiye a zaure domin amfanin iyalina. Ba a yi mako biyu ba, abin da na biya na wata guda ya ƙare ƙaf. Ashe autana ne ya ba abokansa kalmar sirri, su kuma suka ba nasu. Kullum da almuru sai in ga samari jere a gindin katangata, kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Wani abokin aikina ya nuna mini dabara. Ya ce kowace waya tana da lambar shaida, sunanta adireshin MAC, haruffa da alƙaluma 12 jere biyu-biyu. Mutum ya kan rubuta lambobin wayoyin gidansa cikin rauta, ya umarce ta kada ta karɓi kowa sai su. Na ce ai wannan aikinmu ne na akawu! Na zauna na shigar da su ɗaya-ɗaya, kamar mai cika littafin haraji. Kashegari gindin katanga wayam.

Amma murnata ba ta daɗe ba. Wayar uwargida ta sami matsala, mai gyara ya goge ta sarai, da ta dawo sai rauta ta ƙi ta. Dalili kuwa, tun 2019 wayoyin Android, da na iPhone tun 2020, su kan ƙaga lambar aro su nuna maimakon ta ainihi, in an goge waya kuma lambar ta sake. Ran nan na sha magana.

Sa'an nan wani yaro mai wayo ya koma shiga. Lambar nan a fili ta ke tafiya cikin iska, wanda ya iya sai ya kwafe ta ya liƙa wa tasa na'ura. Kalmar sirri kuwa tana hannunsa, gama ban sake ta ba. Wato na ɗauki mai tsaron ƙofa mai tambayar suna, ba ya duban fuska.

To, jama'a, littafin suna ba ya maye gurbin kwaɗo. Ku zaɓi kullen WPA2 ko WPA3, ku sa kalmar sirri doguwa, in ta fita ku sake ta. Ni dai na sake tawa, na kuma zaunar da autana muka yi magana, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.