Rumbu, Inji da Gayya

Manomin da ba shi da rumbu bawan 'yan kasuwa ne. Da kaka zai sayar da geronsa a wulaƙance, da bazara ya koma ya sayo shi da tsada. Mu mutanen Mazanya ta ƙasar Jibiya mun fi kowa sanin haka, domin muna zaune ne a bakin iyaka, kusa da Magama, inda hanya ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. An rufe iyakar nan a 2019, aka buɗe a 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a 2024 Nijeriya ta buɗe ɓangarenta. Duk sa'ad da aka yi haka kasuwar hatsi takan rikice, mai abinci a rumbu shi ke barci da minshari.

To, amma ginin rumbun ƙasa aikin ƙarfi ne. Sai an ɗauko manyan duwatsu an girka, don a ɗaga gindinsa daga laima da gara. Sai an haƙo ƙasa a kududdufi, an jiƙa ta, an zuba ramno, an tattake. In gini ya kai, sai majiya ƙarfi su taru su ɗaga jinka su kifa masa. A da gayya ke yin duk wannan, mai gida ya tanadi fura da goro kurum. Yau samari sun ragu a ƙauye. Wasu suna cin rani, wasu rashin tsaro ya kora birni, wasu kuma irina muna makaranta. Dattawa aka bari da duwatsu.

Shi ya sa da Baba ya tashi sabon rumbu a wani hutun rani, ni da yayana muka ce sai an nemi inji. Katafila ta fi ƙarfin aljihunmu, kuma ba ta shiga lungun gidanmu. Muka yi hayar 'yar ƙaramar tarakta mai tirela, wadda ake riƙe ta da hannu, muka kuma aro sarƙar nan mai ƙafa uku da makanikai ke ciro injin mota da ita. Ƙasar da jakinmu zai yi kwanaki yana jigila, tarakta ta kwaso ta kafin la'asar. Dutsen da sai mutum huɗu ke cicciɓa, ƙanena shi kaɗai ya ja sarƙa ya ɗaga, muka saita shi a gurbinsa. Ba wanda ya kwana da ciwon baya.

Iyakar aikin inji ke nan. Baba ne ya murza ƙasa a tafin hannu ya ce wannan ta cika yashi, a koma wancan gefen kududdufi. Shi ne kuma ya tsayar da mu da muka so mu zarce da gini. Ya ce, "Ku dakata, yara. Ba a ɗora ɗanye kan ɗanye." Kullum sahu kaɗan ake ɗorawa, a bar wa rana sauran aiki. Ranar ɗora jinka kuwa, sarƙar ba ta kai tsawon rumbu ba, sai maƙwabta suka zo aka yi "ya Allah" aka kifa ta.

Mai karatu zai ce inji kayan masu kuɗi ne, ga mai ya yi tsada. Gaskiya ne, gida ɗaya ba zai iya ba. Amma gida goma in suka haɗa kuɗin haya na yini biyu, kowa zai sami ƙasarsa da duwatsunsa a ƙofar gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ma aljihu ɗaya. Wannan ita ce gayyar da ta dace da zamanin da hannaye suka yi ƙaranci.

Kada kuma mu ɗauka ƙaramin inji daga sama ya faɗo. A 1957, a jihar Minesota ta Amurka, wani mai kiwon talotalo ya rasa abin da zai shiga ɗakin kiwonsa ya kwashe taki. Wasu 'yan'uwa biyu maƙera, Louis da Cyril Keller, suka ƙera masa ɗan inji mai taya uku da ke juyawa a matsattsen wuri. Shi ne asalin injin da ake kira Bobcat tun 1962. Matsalar manomi ɗaya ce ta haife shi, a hannun maƙeran ƙauye.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu karatun injiniya da aikin gona, su zauna da maƙera da masu walda na Jibiya da Katsina, su ƙero abin ɗaga kaya mai araha wanda zai kai bakin rumbu. Mu kuma na sashen Hausa, nauyinmu ne mu zauna gaban dattawan magina mu rubuta saninsu da kalmominsu tun suna raye. Allah Ya cika rumbunanmu, amin.