Sirrin Da Ake Tsarewa Da Wanda Ake Fakewa Da Shi

Mu malaman makaranta mun san nauyin sirri tun kafin mu san nauyin albashi. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa ambulan ɗin takardun jarrabawa amana ce, ba a yage shi sai a gaban ɗalibai, bayan an nuna masu hatiminsa na nan daram. Duk wanda ya leƙa ciki kafin lokaci, ya ci amanar yaron da ya kwana yana karatu a gaban fitila. Mun ga abin da ya faru a shekarar 2018, sa'ad da takardar kimiyyar sinadarai ta jarrabawar shahadar Sudan ta fita kafin ranarta, aka soke ta, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka sake zama. Saboda haka kada wani ya ɗauka muna raina sirri. Iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mun kuwa yarda.

To amma akwai wata shari'a da aka yi a Khartum wadda har yau take tsaya mana a rai. Ran Laraba 28 ga Janairun 2009, kotu ta yanke wa wani tsohon ɗan sanda mai suna Muhammad al-Sari Ibrahim ɗaurin shekara 17. An same shi da laifin leƙen asiri da haɗa baki da ƙoƙarin miƙa takardun sirri ga Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka da ke birnin Hague. Takardun sun shafi Ahmad Harun, wanda ya riƙe ƙaramin ministan cikin gida lokacin da wutar Darfur ta tashi a 2003, wanda kuma kotun ta ba da sammacin kamo shi tun 2007. A ranar da aka ɗaure al-Sari, shi Harun yana bisa kujerar ƙaramin ministan ayyukan jinƙai. Bayan 'yan watanni ma sai aka ba shi gwamnan Kordofan ta Kudu.

A lokacin muna sababbin malamai a wata makaranta a Umdurman. Muka karanta labarin a ɗakin malamai wajen ƙarfe goma, ana cin ful da burodi. Jaridar ta zagaya hannu zuwa hannu, kowa ya duba ya miƙa wa na kusa, ba wanda ya ce uffan, domin kowa ya san a irin wannan ɗaki ba a rasa mai kai rahoto, ba a dai san ko wane ne ba. Sai da aka tashi, muna jiran mota, wani dattijon malamin lissafi ya ce mana a hankali, "'Ya'yana, ku lura da abu ɗaya. Ba su ce takardun ƙarya ba ne. Cewa suka yi nasu ne." Muka ce, "Ustaz, a bar zancen nan sai mun isa gida." Ya yi murmushi, ya hau motarsa.

Maganar dattijon nan ita ce zuciyar al'amarin. Idan hukuma ta tuhumi mutum da fitar da sirrinta, ta riga ta amsa da bakinta cewa abin nata ne. Daga nan shari'a ba ta tambayar me ke rubuce a ciki, tambayarta kawai wa ya buɗe akwati. Ba a Sudan kaɗai ake haka ba. A watan Yunin 2013 Edward Snowden ya bayyana yadda hukumar tsaron Amurka ke tattara bayanan wayoyin miliyoyin mutanenta. Aka tuhume shi a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, ya ƙare a Rasha. Daga baya, a 2015 da kuma 2020, kotunan ɗaukaka ƙara na Amurka suka ce wannan tattara bayanai ya saɓa wa doka, amma hakan bai share tuhumar da ke kansa ba.

Mu namu sirrin kuwa, daga Italiya ya fito. A watan Yulin 2015 aka fasa rumbun kwamfutocin wani kamfani na birnin Milan mai suna Hacking Team, aka watsa takardunsa a intanet. A ciki aka ga cewa a 2012 hukumar tsaro da leƙen asirin Sudan ta sayi wata manhaja kan Yuro 960,000, wadda idan ta shiga waya ko kwamfuta sai ta karanta saƙonni, ta kwashe hotuna, ta buɗe makirufo ba da sanin mai ita ba. Ku tuna shekarar 2012 ce, shekara guda bayan Kudu ta ɓalle da mafi yawan man fetur, lokacin da ake ce mana a ɗaure ciki, ɗalibanmu na zaune uku uku a bencin mutum biyu. Da wani akawu ne a Khartum ya fito da wannan rasit, da gidan yarin Kobar zai kwana. Dokar tsaro ta 2010 ta ba jami'ai ikon tsare mutum har wata huɗu da rabi ba tare da alƙali ya gan shi ba, ta kuma ba su kariya daga tuhuma. Wato su suna iya karanta wasiƙarmu, mu kuwa ko rasit ɗin kuɗinmu ba mu da ikon gani.

Yanzu ga inda laifinmu yake, don kada mu yi ta nuna wasu da yatsa. A watan Satumban 2013, da aka janye tallafin mai, jama'a suka fito a Wad Madani da Khartum da Umdurman, aka harbe mutane da yawa, cikinsu har da 'yan makaranta. Bayan 'yan kwanaki wasu mutane biyu da ba su faɗi sunansu ba suka zo makarantarmu suna neman sunayen ɗaliban da ba su zo aji ba a ranakun. Rajistar kiran suna a hannunmu take, mu muka cika ta da alƙalaminmu. Aka haɗa jerin sunaye, aka ce sirri ne, kada a ji. Mun ga jerin, mun san yaran ɗaya ɗaya, mun san iyayensu mata da ke sayar da shayi da gyaɗa. Muka yi shiru, muka ce muna da iyali. Dattijon nan na lissafi ne kaɗai, bayan sallar magariba, ya bi gida gida yana ce wa iyaye su tura yaran wajen dangi. Kafin zangon karatu ya ƙare aka yi masa canji zuwa wani ƙauye mai nisa, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Ranar da zai tafi muka ɗaukar masa akwati, kunya ta hana mu haɗa ido da shi.

A takarda, shi ne ya fasa sirrin aiki, mu kuma muka riƙe amana. Amma mun daɗe da sanin cewa ba haka lissafin yake ba. Sirrin jarrabawa ana tsare shi ne don a kare yaro. Wancan jerin kuwa an ɓoye shi ne don a kama yaro. Ma'aunin da muka koya a makare shi ne, a tambaya: idan abin nan ya fito, wa zai cutu? In mai rauni ne, ko sojan da ke bakin daga, ko maras lafiya da takardarsa ke asibiti, to a rufe. In kuwa mai iko ne kawai zai ji kunya, to sunan sirri aka ara aka yafa wa ɓarna.

Baki shi ke yanka wuya, gaskiya ne, amma shiru ma bai ceci kowa ba. A farkon Fabrairun 2019 ɗan'uwanmu malami Ahmad al-Khair ya rasu a hannun jami'an tsaro bayan an kama shi a Khashm al-Girba. Da fari aka ce guba ce a abinci, sai binciken likita da shaidar waɗanda aka tsare tare da shi suka nuna azaba ce. Ran 30 ga Disamban 2019 kotu a Umdurman ta yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa. Malamai sun cika bakin kotun a ranar, muna cikinsu. Da waɗancan shaidu sun yi irin shirunmu, da har yau guba ake cewa.

Ahmad Harun ya shiga Kobar bayan faɗuwar Umar al-Bashir a 2019, ya fice a Afrilun 2023 sa'ad da yaƙi ya ɓarke ya watsa mu duka. Abokin tuhumarsa Ali Kushayb kuwa, kotun Hague ta same shi da laifi a watan Oktoban 2025.

Roƙonmu ga duk wanda zai rubuta dokokin ƙasar nan bayan wannan yaƙi shi ne, a ba wanda ake tuhuma da fasa sirri damar gaya wa alƙali dalilinsa, a kuma bar alƙali ya karanta takardar da kansa. Mu kuma malamai, in an sake zuwa neman rajista, kada mu bar dattijo ɗaya ya bi lungu shi kaɗai. Allah Ya yafe mana abin da ya wuce, Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.