Daga Malam Inna Zuwa Dadin Kowa: Kwalekwale Da Tsadar Fetur

Duk wanda ya kwana a unguwar Malam Inna cikin garin Gombe ya san ba ya bukatar agogo. Da an sallame Asuba sai ƙarar Keke Napep ta ɗauka, masu markaɗe su ta da injinansu, ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, su yi ta fitowa daga gidajen haya. Kusan kowane motsi a nan da fetur ake yinsa. Tun kuwa ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki.

Daga wannan unguwa na tashi da sassafe na kama hanyar Biu, don in ga yadda abin ya shafi mutanen ruwa. Tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba muka isa Dadin Kowa, cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu Deba, inda aka datse kogin Gongola a 1984. Daga nan ake tura wa Gombe ruwan sha. An kuwa shekara fiye da 30 kafin tashar lantarki ta wurin, mai ƙarfin megawat 40, ta fara ba da wuta.

Da na gangara bakin ruwa na tarar da kwalekwale jere. Yawancinsu da hannu ake tuƙa su, amma masu nisan zango da masu ɗaukar kaya inji suke ɗaurawa a baya. To, mai karatu, dubi abin mamaki. Ruwan da jirgin ke kai shi ne ke juya injinan lantarki, amma mai jirgin sai ya sayi fetur a jarka kafin ya motsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Bugu da ƙari, irin injin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai yakan zubar da wani kashi cikin ruwa bai ƙone ba, ruwan da mu da iyalanmu za mu sha.

A Turai da Amurka masu ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa sun daɗe suna cire injin fetur suna sa na lantarki. Aikin ba wani tsafi ba ne. Za a kwance injin da tankinsa, a ɗaura injin lantarki a jikin farfela, a shimfiɗa batura a ƙasan jirgi don kada ya karkace, a haɗa na'urar ƙara gudu da ragewa. Caji kuwa daga wutar gari ne, ko faifan hasken rana. Ba filogi, ba juyen baƙin mai, ba hayaƙi, ba ƙara.

Amma fa kada a yaudari kowa. Kilo ɗaya na fetur ya fi kilo ɗaya na batir ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake injin fetur yakan ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin nan ya tafi a zafi. Sa'an nan ruwa ba ya son gaggawa: in kana so jirgi ya ninka gudunsa, sai ka ba shi ƙarfi wajen ninki takwas. Watau batir na mai tafiya sannu ne, kamar masunci mai zagaya komarsa.

An riga an gwada a wasu wurare. A jihar Kerala ta Indiya, jirgin fito mai suna Aditya ya fara aiki da hasken rana a 2017, yana ɗaukar mutum 75. A Mbita ta ƙasar Kenya, bakin Tafkin Biktoriya, kamfanin Asobo ya fito da dabarar ba masunta hayar injin lantarki da cajinsa, don talaka ba ya iya sayen batir a tashi ɗaya. Nan kusa ma a Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire injin fetur daga ƙananan motocin safa ya mayar da su masu lantarki. Hannun da ya iya wa mota ai kwalekwale ba zai gagare shi ba.

Da na komo Malam Inna da La'asar, na tsaya ina kallon samari masu gyaran janareto da masu naɗin waya a bakin titi. Ga masu sana'a, ga jami'a a maƙwabta, ga ruwa da wuta a Dadin Kowa. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Gombe da hukumar kula da kogin Binuwai ta sama, wadda hedkwatarta ke Yola, su fara da jirgi ko da guda biyu ne, da rumfar caji a bakin ruwa, a bar masunta su gwada su faɗi abin da suka gani. Allah ya sa a ji.