Neman rana a watan Fabrairu

Jiya na fito daga aiki ƙarfe huɗu saura na yamma, na tarar har an kunna fitilun titi. A Manchesta, idan Disamba ta shigo, kana sallame la'asar ba ka gama lazimi ba magariba ta riske ka. Hasken yini duka bai kai awa takwas ba, shi ma yawanci bayan gajimare yake. Wanda ke aikin dare a asibitinmu yana iya yin mako guda cur bai ga ƙwayar rana da idonsa ba.

Ni kuwa a Katsina na tashi, inda rana abar gudu ce. Amma har gobe ina tuna safiyar hunturu a tsakar gidanmu, Inna ta shimfiɗa tabarma a jikin bangon da hantsi ke fara dukawa, mu jeru muna shan koko, ƙafafunmu duk kaushi, ɗumin yana ratsa baya a hankali. Shekarata ta uku a nan na fara ciwon gaɓɓai da wata kasala mai kama da baƙin ciki. Aka auna jinina, aka ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa sosai. Hukumar lafiya ta ƙasar nan dama tana ba da shawarar a riƙa shan ƙwayarsa daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara. Na sha, gaɓɓai suka lafa. Kewar hantsin ce ba ta da ƙwaya.

Da na faɗa wa Inna za mu je hutu wani tsibiri, sai ta ce, "Ke 'yar nan, in rana kike nema ba ga gida ba?" Gaskiyarta. Sai dai hutun yara na tsakiyar zango mako ɗaya ne tak, tikitin mutum huɗu zuwa gida ga tsada, ga tsaraba, ga gaisuwar rasuwa da barkar haihuwa na shekara biyu suna jira. Zuwa gida zumunci ne, kuma ina son sa, amma mutum ba ya dawowa a huce.

Zuciyata Zanzibar ta fara so. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, za ka ji kiran salla, ba sai ka tsaya tambayar wane irin nama ne a tukunya ba. Nisa da kuɗi suka hana. Sai muka koma ga inda abokan aikina Turawa ke tururuwa duk sanyi, wato tsibiran Kanari. Mallakar Sifaniya ne, amma in ka buɗe taswira za ka gan su a gefen Afirka, mafi kusa a cikinsu bai fi kilomita 100 daga gaɓar Maroko ba. Tafiyar kamar awa huɗu da rabi ce a jirgi, agogonsu ɗaya da na Ingila, kuma da rana zafi yana kaiwa digiri 20 ko fiye a tsakiyar sanyi. Abokan aikina suna yanke shawara ran Litinin su tashi ran Juma'a. Mu masu koren fasfo sai da muka nemi bizar Schengen, da takardar banki, da wasiƙar wurin aiki, da makonni na jira.

Tenerife muka zaɓa, a Fabrairun 2024, kuma muka sauka a kudancin tsibirin. Wannan shawara ce ga duk mai niyya: arewa ta fi kore da kyau, amma ta fi gajimare, don dutsen Teide, mai tsayin mita 3,715, wanda babu kamarsa a duk Sifaniya, shi da tsaunukan da ke kewaye da shi ne ke tare hadarin. In rana ta kawo ka, ka yi kudu. Abinci kuwa kifi muka riƙe, da ƙananan dankali da ake dafawa a ruwan gishiri har fatarsu ta yamutse, ana ci da wani yaji mai ruwa da suke kira mojo.

Safiya ta farko na fita baranda bayan asuba na jira. Da hantsi ya taɓa mini wuya sai hawaye ya zo, ban hana shi ba. Kwana biyu bayan nan sararin ya yi fari-fari, dutsen ya ɓace, leɓɓana suka bushe. Mai gyaran ɗaki ta nuna sama ta ce calima, iskar da ke kwaso ƙurar Sahara ta tsallako teku da ita. Baƙi suna ta ƙorafi. Ni kuwa na kira yara na ce su zo su shaƙi hazo, irin wanda uwarsu ta girma a cikinsa.

Ran da ya rage saura kwana ɗaya mu koma, muna yawo a tashar jiragen ruwa ta Los Cristianos, sai muka ga jama'a sun taru a jikin shinge. Jirgin ceto ne ya shigo, yana janye da wani dogon kwale-kwalen katako mai fenti kala-kala, irin na masuntan Senegal. Ana fito da mutane ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatan Red Cross suna lulluɓa musu jajayen barguna. Wani saurayi da bai wuce sa'ar ƙanena ba ya taka ƙasa, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna daɓas, ya ɗaga tafukansa yana motsa baki. Na san abin da yake faɗa ko ban ji ba. A bayanmu kuma, taku kaɗan, mutane na kwance a rairayi suna shafa mai. A shekarar 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 ne suka iso tsibiran ta wannan hanya, daga gaɓar Senegal da Gambiya da Muritaniya da Maroko, wasu bayan fiye da mako guda a teku. Waɗanda ba su iso ba, babu mai cikakken lissafinsu.

Ɗiyata ta ja mini mayafi ta ce, "Umma, su ma hutu suka zo?" Maigida ne ya ɗauke ta ya yi gaba. Daren nan ban iya cin abinci ba.

Bana da sanyi ya sake kamawa, na ce masa, "Abban yara, ina muka nufa?" Ya ce duk inda na zaɓa. Ba na ganin laifin tsibirin, mutanensa ne ma ke tsamo 'yan'uwanmu daga ruwa, kuma ƙin zuwana ba zai ceci kowa ba. Amma na san ba zan iya kwanciya a wannan rairayin ba tukuna. Mun tsayar da tsibirin Sal, a Cape Verde, tafiyar kamar awa shida, ƙasa ce ta ECOWAS, fasfonmu ba ya buƙatar biza. An ce mini busasshen wuri ne, shimfiɗaɗɗe, mai yawan iska a wannan lokaci, na ce hakan ya yi mini.

Na kira Inna ɗazu na faɗa mata. Tuntuni na ba ta labarin saurayin nan, ba ta kuma manta ba. Ta tambaya ko tekun ɗaya ne, na ce ɗaya ne. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya kai ku lafiya, su ma na cikin ruwan Allah ya fid da su."