Mutumin da Ya Mai da Jirgi Gidansa

A ƙasashen bakin teku akwai waɗanda kan sayar da gidajensu, su sayi jirgin ruwa, su tare a ciki da iyalinsu. Da yawansu su kan zaɓi wani irin jirgi da a ke kira katamaran. Asalin sunan daga Tamilawan kudancin Indiya ya ke, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure. Siffarsa kuwa kwale-kwale biyu ne dogaye a jere, an haɗa su da daɓe a bisa, an kafa filafilai, wato manyan zannuwan da iska ke turawa. Da irinsa ne mutanen tsibiran tekun Fasifik suka riƙa ƙetare ruwa tun zamanin da.

Turawa sun daɗe suna raina wannan jirgi, suna cewa ba zai jure wa babban teku ba. Sai wani saurayi ɗan Mancesta ta Ingila, James Wharram, ya ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ya sassaƙa nasa da katako, tsawonsa ƙafa 23 da rabi, ya sa masa suna Tangaroa. A 1955 ya tashi daga Ingila tare da waɗansu mata biyu Jamusawa. Suka haye tekun Atlantika har tsibirin Tirinidad. A can ya gina wani mai ƙafa 40, ya komo da shi Turai daga New York a 1959. Daga baya dubban mutane suka sayi zanen jiragensa suka gina nasu. Ya rasu a 2021.

To, wanda ya yi niyyar saye, sai ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya biya, ya kan ɗauko gwani ya sa a fid da jirgin daga ruwa, a ƙwanƙwasa jikinsa, a duba injunansa biyu da igiyoyi da filafilai. Kuɗin saye kuwa somin-taɓi ne. Gishiri yana cin ƙarfe, rana tana cin zane, ga kuma kuɗin matsaya, wanda ya kan fi na sauran jirage saboda faɗin katamaran.

Abin da ke jawo mutane gare shi ba ɓoyayye ba ne. Ba ya karkata kamar jirgi mai ciki ɗaya, uwargida ta iya ɗora tukunya ba ta kife ba. Ba ya nutsa ƙwarai cikin ruwa, saboda haka ya kan matso gaɓa inda manyan jirage ba su isa. Amma fa ba shi da nauyin darma a ƙarƙashinsa. Idan guguwa ta kifar da shi, ba ya tashi da kansa. Don haka mai hankali ya kan rage filafilai tun iska ba ta yi ƙarfi ba, ya kuma nisanci tsibiran Karibiyan daga Yuni zuwa Nuwamba, lokacin manyan guguwa.

Zaman cikinsa duk lissafi ne. Ruwa ya kewaye mutum, amma na sha sai an auna. Wutar lantarki daga hasken rana a ke tara ta, in ta ƙare sai haƙuri. Tafiya daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan ta kan ci mako biyu ko uku, ba kasuwa, ba asibiti. Miji ya yi barci mata ta yi tsaro, sa'an nan su sāke.

Babban darasin kuwa shi ne nauyi. Katamaran ba ya son kaya. Faɗinsa ya kan ruɗi sabon mai shi, ya yi ta loda akwatuna da kujeru. Nan da nan jirgin ya zauna cikin ruwa, gudunsa ya ragu, igiyar ruwa ta riƙa dukan ƙarƙashin daɓen dare da rana. Dole ya zaɓa: ko kayan, ko tafiyar. Sai ya buɗe akwatunan ɗaya ɗaya, yana tambayar kansa wanne ne zai mutu in ya rasa. Abin da ya rage ya kan zama kaɗan ƙwarai. Sauran ya raba wa mutanen gaɓa, ya ɗaga anka, jirgin ya yi sauƙi, iska ta ɗauke shi.